TAƘAITA LOKACIN SHIRYA INJI A MASANA'ANTA DA TASIRINSA GA CI GABA MAI ƊOREWA

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin layi a wurin mai injin markaɗe ya san cewa inji yana da lokaci iri biyu, wato lokacin da yake aiki da kuma lokacin da ake shirya shi domin aiki. Idan aka gama markaɗa tattasai da attarugu, sannan wata ta miƙo jiƙaƙƙen waken ƙosai, dole ne mai inji ya dakata ya zuba ruwa ya ɗauraye, wani lokaci ma sai ya kwance bakin injin ya wanke cikinsa. Saboda gudun wannan wahala sai ya gwammace ya tara masu kaya iri ɗaya ya sallame su gaba ɗaya, mai wake kuwa ta yi ta jira. Wannan ƙaramar matsala ta bakin kasuwa ita ce dai take addabar manyan masana'antun duniya, illa iyaka a can ana lissafin asararta da awoyi masu yawa da tarin ƙarfe da wutar lantarki.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda aka gano hanyar taƙaita lokacin shirya inji a masana'antun Japan, da yadda hanyar take aiki, da kuma abin da take haifarwa ta fuskar tattalin albarkatu da kare muhalli. Dalilai biyu ne suka sa aka kawo batun cikin mujallar nazarin harsuna. Na farko shi ne a gwada bayyana wani fanni na ilmin masana'antu da Hausa zalla, domin harshe ba ya samun kalmomin fannu sai an sa shi aiki a cikin fannin. Na biyu kuwa shi ne, kamar yadda za a gani a sashe na 7.0, lokacin shirya inji yana cikin abubuwan da suke yanke hukunci a kan wane harshe ne za a buga littafi a cikinsa, wane ne kuma ba za a buga ba.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

2.1 Lokacin shiri

Abin da ake nufi da lokacin shiri a nan shi ne tazarar da ke tsakanin fitowar abu na ƙarshe mai kyau na aikin da aka gama da fitowar abu na farko mai kyau na sabon aiki. Ya kamata a lura da sifar nan “mai kyau”, domin ita ce ta sa lokacin shiri ya haɗa da gwaje-gwajen da ake yi bayan an tayar da inji, ba kwancewa da ɗaurawa kaɗai ba. Hausa ba baƙuwa ba ce ga wannan tunani. Masaƙa suna da kalmar wadari, wadda take nufin jan zare da jera shi kafin a fara saƙa, aikin da yake cin lokaci amma shi kansa ba ya fitar da ko taƙi ɗaya na ƙyalle.

2.2 Madanni, mazubi da zubi

A masana'antar motoci akwai wani ƙaton inji da yake danna fallen ƙarfe da ƙarfin ɗaruruwan tan har ya ɗauki siffar ƙofar mota ko rufinta. Shi za a riƙa kira madanni. Siffar da ake so tana jikin wasu manyan ƙarafa biyu, na sama da na ƙasa, waɗanda ake ɗaura wa madannin, kuma su za a kira mazubi. Gaskiya ne cewa ba a zuba wani abu mai ruwa a cikinsu kamar yadda masu zubin tukwane suke yi, amma aikinsu ɗaya ne, wato ba da siffa, don haka faɗaɗa ma'anar kalmar ya fi ƙirƙiro sabuwa sauƙi. Adadin kayan da ake ƙerawa tsakanin shiri da shiri kuwa shi za a kira zubi, kamar yadda mai tuya take cewa zubi ɗaya ko zubi biyu.

2.3 Ɗorewa

Ma'anar ci gaba mai ɗorewa da ta fi karɓuwa ta fito ne daga rahoton wani kwamiti na Majalisar Ɗinkin Duniya wanda Gro Harlem Brundtland ta ƙasar Nowe ta shugabanta, aka kuma fitar a shekarar 1987. Gundarin ma'anar shi ne mutanen yau su biya bukatunsu ba tare da sun toshe wa na gobe hanyar biyan nasu ba. A 2015 Majalisar ta amince da muradai 17 na ci gaba mai ɗorewa, na 12 daga cikinsu ya shafi yin tattali wajen sarrafa kaya da amfani da su. A wannan maƙala za a auna ɗorewa da abubuwa uku: kayan aikin da aka ɓata, makamashin da aka ƙona, da halin da ma'aikaci yake ciki.

3.0 Dalilin Yin Babban Zubi

Kafin a fahimci amfanin taƙaita lokacin shiri sai an fahimci abin da tsawonsa yake tilasta wa masana'anta. Mu ɗauka, alal misali, ana shafe awa 3, wato minti 180, wajen shirya wani inji, kuma bayan an shirya shi yana fitar da abu ɗaya a kowane minti. Idan aka raba lokacin shirin a kan kayan da aka ƙera, ga abin da za a samu:

(a) zubi mai abu 60: kowane abu ya ci minti 4
(b) zubi mai abu 600: kowane abu ya ci minti 1.3
(c) zubi mai abu 6,000: kowane abu ya ci minti 1.03

Duk manajan da ya ga wannan lissafi zai zaɓi babban zubi, ko da kuwa abu 60 kacal aka nema a wurinsa. Ragowar sai a kai sito a jira mai saye. Amma ajiya ita ma tana da nata kuɗin, saboda haka a 1913 wani injiniya Ba'amurke mai suna Ford Whitman Harris ya fitar da wata ƙa'idar lissafi ta gano zubin da ya fi araha, wato inda kuɗin shiri da kuɗin ajiya suke yin kunnen doki. Ƙa'idar ta nuna cewa idan kuɗin shiri ya ragu sau huɗu, zubin da ya dace zai ragu sau biyu. Idan ya ragu sau tara, zubi zai ragu sau uku. Idan ya ragu sau ɗari, zubi zai ragu sau goma.

Lissafin Harris daidai ne, kuma an yi shekaru da dama ana koyar da shi. Sai dai masu amfani da shi sun ɗauki lokacin shiri tamkar wani abu ne da aka halicci inji da shi, wanda ba ya canzuwa. Masana'antun Amurka, da yake kasuwarsu mai faɗi ce, sai suka bi hanyar kauce wa shiri gwargwadon iko, suna keɓe inji ɗaya ga abu ɗaya. Kamfanin Ford ya kai wannan tsari maƙura da motarsa samfurin T, har ta kai ga lokacin da zai koma ƙera samfurin A a 1927 sai da aikin ƙira ya tsaya na tsawon watanni.

4.0 Yadda Japanawa Suka Sake Duban Matsalar

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin Toyota ya sami kansa a wani hali dabam. Kasuwar Japan ƙarama ce, tana kuma bukatar motoci iri-iri kaɗan-kaɗan, ga ƙarancin jari, har a 1950 kamfanin ya kusa durƙushewa. Ba shi da halin keɓe madanni ga abu ɗaya, ba shi kuma da kuɗin da zai binne a sito. Taiichi Ohno (1912-1990), wanda ya jagoranci gina tsarin aikin kamfanin, ya ga cewa mafita ɗaya ce, wato a rage lokacin shirin kansa. A jadawalin tarihi da ke cikin littafinsa na 1978 an nuna cewa sauya mazubi yana cin awa 2 zuwa 3 tsakanin 1945 da 1955, ya sauko zuwa minti 15 a 1962, sannan minti 3 a 1971.

Wanda ya tsara hanyar ta zama ilmin da za a iya koyarwa shi ne Shigeo Shingo (1909-1990), injiniya mai ba masana'antu shawara. A littafinsa da ya fito da Japananci a 1983, aka kuma fassara zuwa Ingilishi a 1985, ya ambaci wurare uku da tunanin ya nuna a kansa.

Na farko a 1950 ne, a masana'antar Toyo Kogyo da ke Hiroshima, masu ƙera motocin Mazda. Ana cikin sauya mazubin wani madanni mai ƙarfin tan 800 sai aka nemi noti ɗaya aka rasa. Ma'aikaci ya shafe fiye da awa guda, daga ƙarshe ya ɗauko wani dogon noti na wani injin ya yanke shi ya yi amfani da shi, madanni kuwa yana tsaye duk tsawon wannan lokaci. A nan Shingo ya lura cewa aikin shiri kashi biyu ne. Akwai wanda ba ya yiwuwa sai an kashe inji, kamar cire mazubi da ɗaura wani, akwai kuma wanda za a iya yi inji yana cikin aiki, kamar tanadar noti da jawo sabon mazubi kusa. Na farkon shi ne shirin ciki, na biyun kuma shirin waje, fassarar kalmomin Japananci uchi-dandori da soto-dandori.

Na biyu a 1957 ne, a wurin ƙera jiragen ruwa na Mitsubishi, shi ma a Hiroshima. A can ana auna gangar jikin injin jirgi ana yi mata alamomi a kan teburin injin da zai fere ta, ke nan injin yana zaune har a gama awo. Da aka samar da tebur na biyu, aka riƙa yin awon a gefe, sai yawan aikin injin ya ƙaru da kashi 40 cikin ɗari.

Na uku a 1969 ne, a babbar masana'antar Toyota, inda sauya mazubin wani madanni mai ƙarfin tan 1,000 yake cin awa 4, alhali an sami labarin kamfanin Volkswagen na Jamus yana yin irinsa cikin awa 2. Bayan wata shida aka sauko da shi zuwa minti 90. Sai shugabanni suka ce minti 3 suke so, kuma a cewar Shingo an kai ga haka bayan ƙarin wata uku, ta hanyar mayar da ayyukan shirin ciki su koma na waje. Ya kamata a ambata cewa wasu tsofaffin ma'aikatan Toyota da masu nazarin tarihinta suna ganin Shingo ya ba kansa kaso fiye da nasa, tun da injiniyoyin kamfanin sun riga sun yi nisa a wannan aiki kafin 1969, kamar yadda jadawalin Ohno ya nuna. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne ta hanyar rubutunsa ne duniya ta koyi dabarar.

Sunan da aka san hanyar da shi, SMED, yana da darasi ga masu nazarin aron kalmomi. Japanawa sun ari kalmar Ingilishi mai ma'anar “guda ɗaya” suka mayar da ita shinguru, suna kuma amfani da ita ga lambar da ba ta kai goma ba, kamar yadda suke kiran gwanin wasan golf wanda makin rangwamensa bai kai goma ba. Saboda haka shinguru dandori yana nufin shirin da bai kai minti goma ba. Da aka mayar da sunan Ingilishi sai mutane da yawa suka ɗauka minti ɗaya ake nufi. Kalma ce ta tafi baƙunta ta dawo gida da wata ma'ana.

5.0 Matakan Taƙaita Lokacin Shiri

Shingo ya ƙiyasta yadda lokacin shiri yake rabuwa a masana'antar da ba a yi wa gyara ba kamar haka: tanadi da duba kayan aiki, kashi 30 cikin ɗari, cirewa da ɗaurawa, kashi 5, awo da saiti, kashi 15, gwaji da gyaran saiti, kashi 50. Wannan rabo yana nuna cewa abin da ido yake gani a matsayin shiri, wato cirewa da ɗaurawa, shi ne mafi ƙanƙanta. Rabin lokacin yana tafiya ne a lalube. Matakan gyara uku ne.

5.1 Rarrabe shirin ciki da na waje

Ana fara wannan mataki da tsayawa a kalli shiri daga farko har ƙarshe, da agogo a hannu ko da kyamara, a rubuta kowane motsi. Daga nan sai a tsame duk abin da za a iya yi kafin a kashe inji ko bayan an tayar da shi. Sifana da noti su kasance a jere a kan amalanke, a duba lafiyar sabon mazubi tun da wuri, ƙugiyar ɗaga kaya ta zo ta tsaya kafin a bukace ta, tsohon mazubi kuma kada a mayar da shi ma'ajiya sai inji ya koma aiki. Bahaushe ya riga ya taƙaita wannan mataki da ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ba ya bukatar sayen kome, amma Shingo ya nuna shi kaɗai yakan rage lokacin da inji yake tsaye da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari.

5.2 Mayar da shirin ciki ya koma na waje

A nan tambayar ita ce, shin wannan aiki da muke cewa sai an kashe inji, da gaske ne haka yake? Misali, a injin zubin roba ko na narkakken ƙarfe, mazubi mai sanyi ba ya fitar da abu mai kyau, don haka a da akan ɗaura shi a yi ta zuba kaya ana zubarwa har ya ɗauki zafi. Idan aka ɗumama shi a gefe kafin a ɗaura, an mayar da wannan jira shirin waje. Haka kuma idan mazubai sun bambanta a tsayi, dole a sake saita madanni a kowane sauyi. Amma idan aka yi wa gajerun ƙari da faranti a ƙasa duk suka zama tsayi ɗaya, saitin ya faɗi baki ɗaya.

5.3 Sauƙaƙa abin da ya rage

Shingo ya ja hankali ga wani abu da kowane bakanike ya sani amma bai cika tunani a kansa ba, wato murɗin ƙarshe ne kaɗai yake ɗaure noti, murɗin farko kuma shi ne yake kwance shi, sauran duk juyi ne kawai. Saboda haka aka ƙirƙiro maɗaurai masu kamawa da juyi ɗaya, da washa mai buɗaɗɗen gefe wadda ake zarewa ba sai an cire noti ba, da rami mai faɗi a gefe ɗaya wanda kan noti yake wucewa ta cikinsa. Aikin da mutum ɗaya yake yi yana kewaya ƙaton inji gaba da baya sai a raba shi ga mutum biyu. Mafi muhimmanci kuma shi ne a kawar da lalube, ta hanyar kafa turaku da alamomin lamba waɗanda mazubi zai zauna a kansu daidai tun a karon farko.

6.0 Tasiri ga Ɗorewa

Ba domin muhalli aka ƙirƙiro wannan hanya ba, domin tsira a kasuwa aka yi ta. Duk da haka wani rahoto da Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta fitar a 2003 ya nuna cewa masana'antun da suka bi irin tsarin Toyota sukan rage shara da ɓarnar kaya ko da ba su sa hakan a gaba ba. Ana iya bin sawun wannan tasiri ta hanyoyi huɗu.

Hanya ta farko ita ce kayan gwaji. Duk abin da aka ƙera a lokacin lalube, fallen ƙarfe ne ko roba ko takarda, shara ne, kuma ya riga ya ci makamashin haƙo shi da sarrafa shi da jigilarsa. Ko an sake narka shi, narkawar ma wuta take ci. Idan abu na farko ya fito da kyau, an tsare wannan duka.

Ta biyu ita ce makamashi. Inji yana tsaye ba ya nufin masana'anta ta daina shan wuta. Tanderu yana nan da zafinsa, injin matsa iska yana juyawa, fitilu da na'urorin sanyaya wuri suna kunne. A ƙasa irin Nijeriya, inda masana'antu da yawa suke dogara da janareta, awa uku na shiri awa uku ne na ƙona man dizal ba tare da an fitar da kome ba.

Ta uku, wadda ita ce mafi girma, ita ce rarar kaya. Ohno ya lissafa nau'o'in ɓarna bakwai a masana'anta, ya kuma ɗauki ƙera abin da ya wuce bukata a matsayin mafi muni, domin shi yake haifar da sauran. Idan muka koma ga misalin sashe na 3.0, muka rage shirin daga minti 180 zuwa minti 6, zubi mai abu 60 zai ci minti 1.1 ne kawai a kan kowane abu, ƙasa da abin da zubi mai 600 yake ci a da. Ke nan hujjar cika sito ta faɗi. Bisa ƙa'idar Harris ma, saukowa daga minti 240 zuwa minti 3 raguwa ce sau 80, wadda take rage zubin da ya dace kimanin sau tara. Ƙaramin zubi yana nufin ƙaramin sito, da ƙarancin kayan da za su yi tsatsa ko su lalace ko a daina yayinsu. Bugu da ƙari, idan mazubi yana da aibi, za a gano bayan abu 60 ne, ba bayan 6,000 ba. Haka kuma inji ɗaya yakan yi aikin da a da sai an sayi biyu.

Ta huɗu ita ce ma'aikaci. Shirin da aka tsara yana rage ɗaukar nauyi da bugun guduma da sa hannu a ƙarƙashin ƙarfe mai nauyin tan da yawa. Sai dai wannan fuska tana da bayanta. Ɗan jaridar Japan Satoshi Kamata, wanda ya yi aikin wucin gadi a Toyota ya kuma wallafa abin da ya gani a 1973, ya bayyana irin gajiyar da ma'aikata suke sha idan aka tsuke kowane minti. Idan lokacin da aka tsimi ya koma ƙarin gudu ne kawai a kan ma'aikaci, to an tsare ƙarfe an ɓata mutum.

6.1 Inda riba take iya komawa asara

Akwai wani sharaɗi wanda masu yabon hanyar ba su cika ambata ba. Manufar taƙaita lokacin shiri ita ce a sami damar yawaita sauyi. To, idan kowane sauyi yana da tasa sharar, kuma lokaci kaɗai aka rage ba a rage sharar ba, yawaita sauyi yawaita shara ne. Mu ɗauka wani inji yana ɓata falle 200 a kowane sauyi, ana kuma sauyi 5 a mako, jimla 1,000. Idan sauyi ya koma 20 a mako, ɓarnar kowane sauyi tana nan a 200, jimla ta zama 4,000. Sai an sauko da ita ƙasa da 50 kafin a ce an ci riba, idan kuma ta sauko zuwa 30 jimla za ta zama 600.

Wannan ya fi fitowa fili a wuraren da sauyi yake bukatar wanki. A sashen fentin motoci, duk lokacin da aka canza launi sai an wanke bututu da bakin feshi da sinadari mai tashi a iska, shi ya sa masana'antu suke ƙoƙarin jera motoci masu launi ɗaya a jere. Wani bincike da Rothenberg da Pil da Maxwell suka wallafa a 2001, a kan masana'antun motoci 31 na Arewacin Amurka da Japan, ya nuna cewa masu bin tsarin tsimi suna tattalin fenti da sinadarin wanki, amma wannan bai isa ya sa hayaƙin sinadaran da suke fitarwa ya yi ƙasa da na sauran ba. Haka nan ƙaramin zubi yakan jawo yawan zirga-zirgar motocin dakon kaya da ba su cika ba. Saboda haka ma'aunin da ya dace ba agogo kaɗai ba ne. Dole a haɗa da sikeli da mitar wuta, kada garin neman gira a rasa ido.

7.0 Maɗaba'a da Harsunan Nijeriya

Injin ɗab'i na faranti yana cikin injunan da lokacin shiri ya fi yi wa nauyi. Kafin a buga kowane ɓangare na littafi sai an haɗa faranti, an ɗaura shi, an daidaita tawada da ruwa, an kuma yi ta sakin takarda har rubutu ya zauna. Wannan ɗawainiya ɗaya ce, kwafi 500 za a buga ko 20,000. Idan muka ɗauka takardar gwaji 300 ce, a bugu mai kwafi 500 ta kai kashi 37.5 cikin ɗari na dukkan takardar da ta shiga inji, a mai kwafi 20,000 kuwa ba ta wuce kashi 1.5 ba. Takardar kuma yawancinta daga waje ake shigo da ita, tun da masana'antun takarda da gwamnati ta kafa a Jebba da Oku Iboku da Iwopin ba su ɗore ba.

Sakamakon wannan lissafi a bayyane yake. Littafin Ingilishi da za a karanta a duk faɗin ƙasa yana samun babban zubi da araha. Na Hausa ko Yarbanci ko Ibo yana iya kai bantensa. Amma harshen da masu karatunsa 'yan dubbai ne, cikin harsuna fiye da 500 da ƙasar nan take da su, kowane kwafi nasa yana ɗauke da kaso mai nauyi na kuɗin shiri. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi koyarwa da harshen uwa a farkon firamare, kuma shirin samar da littattafan karatu na Jihar Ribas, wanda Kay Williamson da E. J. Alagoa suka yi wa hidima a shekarun 1970, ya nuna cewa ana iya rubuta littattafai a ƙananan harsuna da yawa. Rubutawa abu ɗaya ne, bugawa da sake bugawa kuma wani abu ne dabam.

Mai wannan maƙala ya ga haka da idonsa a garin da yake koyarwa, nesa da ƙasar Hausa. An nemi buga wani ɗan littafin koyon Hausa domin ɗalibai 'yan ɗaruruwa, sai mai maɗaba'a ya nuna cewa bambancin kuɗi tsakanin abin da ake bukata da ninkinsa huɗu ƙalilan ne, aka kuwa bi shawararsa. Bayan 'yan shekaru aka sake manhaja, ragowar kwafin kuma danshi da gara suka raba su a sito. Mai maɗaba'ar bai yi ƙarya ba, lissafin Harris ya yi. Kuskuren yana cikin tsawon shirin da ya sa lissafin ya fito haka.

Sauye-sauyen da aka samu a fasahar ɗab'i tun daga shekarun 1990 sun bi hanyar da aka bayyana a sashe na 5.0. Fitar da faranti kai tsaye daga kwamfuta ya rage matakai, injunan da suke sauya faranti da kansu sun rage shirin ciki, sannan injunan ɗab'i marasa faranti, waɗanda kamfanonin Indigo da Xeikon suka nuna a 1993, sun kusa shafe shirin gaba ɗaya, har ya zama ana iya buga kwafi 50 ko ma ɗaya. Kuɗin kowane shafi a irin waɗannan injuna ya fi na injin faranti idan bugun mai yawa ne, amma ga ƙaramin harshe wannan ba shi ne abin dubawa ba. Ko maɗaba'ar da ba ta da halin sayen sabon inji tana iya bin mataki na farko, ta tanadi faranti da takarda da tawadar aiki na gaba tun inji yana juyawa, ta kuma jera ayyuka masu girman takarda ɗaya da launi ɗaya a jere.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa tsawon lokacin shiri shi ne yake tilasta yin babban zubi, babban zubi kuma shi yake haifar da rarar kaya da ɓarnar albarkatu. An ga yadda Ohno da Shingo da ma'aikatan masana'antun Japan suka ƙi ɗaukar wannan lokaci a matsayin ƙaddara, suka sauko da shi daga awoyi zuwa mintoci ta hanyar rarrabe shirin ciki da na waje, da mayar da na ciki waje, da kawar da lalube. An kuma ga cewa amfanin hakan ga ɗorewa yana da sharaɗi, wato a rage sharar kowane sauyi tare da lokacinsa, kuma kada a ɗora nauyin saurin a wuyan ma'aikaci.

Ta fuskar harshe, kalmomin da aka yi amfani da su a nan, wato lokacin shiri, shirin ciki, shirin waje, madanni, mazubi da zubi, shawara ce ake gabatarwa. Ya rage ga masana su tace su, musamman ta hanyar gwada su a bakin kanikawa da masu maɗaba'a da ma'aikatan masana'antun Kano da Kaduna, domin a ji ko suna da waɗanda suka fi su. Haka kuma zai yi amfani a sami irin wannan yunƙuri a sauran harsunan Nijeriya, ta yadda za a kwatanta hanyoyin da kowane harshe ya bi wajen sa wa waɗannan abubuwa suna.